Ɗana, Matso Kusa Mu Yi Maganar Basir

Ɗana, akwai ciwon da mutum yake faɗa a gaban jama'a a yi masa sannu, akwai kuma wanda yake haɗiyewa. Basir yana cikin na biyun. Mutum zai ce kansa na sarawa, zai ce zazzaɓi ya kayar da shi. Amma ranar da ya ga jini a bayan gida, sai ya ja bakinsa ya yi gum. Ya jira dare ya yi, ya tafi kemis ɗin wata unguwa inda ba a san shi ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa. A miƙo masa ɗan kwali ya jefa a aljihu, ko yadda ake amfani da shi bai tsaya ya tambaya ba.

In haka ka yi, ban ga laifinka ba. Kunya tarbiyya ce, kuma mu muka koya muku ita. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tunda ka riga ka sayo, ko kana shirin saye, bari in gaya maka abin da ke cikin kwalin nan, da abin da zai iya yi maka, da inda ƙarfinsa ya tsaya.

Ka fara kwantar da hankalinka. Ba wani abin kunya ka aikata ba, kuma ba kai kaɗai ba ne. Hukumomin lafiya na Amurka sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen da suka haura shekara 50 suna da shi. A nan gida ma, da kowa zai faɗi gaskiya a majalisa, da ka ji direba da tela da ma'aikacin ofis duk sun ce su ma. Mata masu ciki da masu jego kuwa, sun fi kowa sanin wahalarsa.

Ga yadda abin yake. A can ƙarshen hanji, daga cikin dubura, Allah ya halitta wa kowane ɗan Adam wasu 'yan dunƙulen nama guda uku, cike da jijiyoyin jini. Da su aka haife ka. Aikinsu su taimaka wajen rufe ƙofa ruf, kada iska ko ruwa ya kuɓuce maka ba shiri. Idan mutum ya daɗe yana yunƙuri a bayan gida, yau da gobe, sai jini ya riƙa taruwa a cikinsu. Su kumbura. Naman da ke riƙe da su ya saki, su fara zamowa ƙasa. Wannan shi ne basir na ciki.

Wurin da yake tasowa ba shi da jijiyoyin jin zafi irin na fata. Shi ya sa sau da yawa ba ya ciwo. Sai dai ka ga jini ja wur, sabo, yana ɗiga bayan ka gama, ko ka gan shi a hannu lokacin tsarki. Wani ƙaiƙayi ne ke damunsa, wani danshi, wani kuma ya riƙa jin bai gama ba alhali ya gama. Likitoci sun kasa shi mataki 4. Na farko yana ciki, ba ya leƙowa. Na biyu yana leƙowa in an yi yunƙuri, ya koma da kansa. Na uku sai an sa yatsa an mayar da shi. Na huɗu ya fito ke nan, ko an tura ba ya zama. Ka riƙe wannan lissafi, domin maganin kemis ya fi amfani a mataki na farko da na biyu. Daga na uku zuwa sama, aikin ya fi ƙarfin kwali.

To, abin da ke cikin kwalin maganin cusawa ne ta dubura. Ɗan abu ne fari ko ruwan madara, mai tsini a kai ɗaya, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, an rufe shi cikin leda ko takarda mai ƙyalli. Jikinsa kitse ne daskararre, wani ma da man koko ake yin sa, wanda ɗumin jikin mutum ke narkarwa. In ya shiga ya narke, sai ya shafe wurin da maiƙo tare da maganin da aka zuba a ciki. Bayan gida ya sami santsin wucewa, wurin ya ɗan huta.

Ba duka ne iri ɗaya ba, ko da kwalayen sun yi kama. Akwai mai sauƙi, irin su Anusol, mai ɗauke da sinadarin zink da bismot. Shi aikinsa ya lulluɓe wurin, ya ɗan tsuke naman, ya rage ƙaiƙayi. Akwai mai lidoken, irin su Germoloids, wanda ke kashe raɗaɗi na ɗan lokaci. Akwai mai fenilefrin, irin su Preparation H na Amurka, shi kuma jijiyoyin jini yake tsukewa kumburi ya sauka. Sannan akwai mai haidrokotizon, wanda galibi za ka ga an rubuta HC bayan sunansa. Wannan ya fi sauran ƙarfi wajen kwantar da kumburi, kuma shi ya fi buƙatar hattara.

Ba don in cika ka da sunaye na jero su ba. Mai tsuke jijiyar nan ba a dubura kaɗai yake tsayawa ba, wani kaso yana shiga jini. In kana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon sukari, ko maƙoƙo, ko kumburin nan na maza manya mai wahalar da fitsari, kada ka sa shi sai ka tambayi likita. Mai HC kuma kwana 7 ne iyakarsa. In ka zarce, fatar wurin tana yin siriri, ta riƙa tsagewa da abu kaɗan, ƙwayoyin cuta su sami mazauni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai kashe raɗaɗin ma, in aka daɗe ana sa shi, fata tana iya ƙin sa, ƙaiƙayi ya ƙaru. Mutum ya ɗauka basir ne ya tashi, ya ƙara sawa, abu ya yi ta gaba. Mutane da yawa sun wahala ta wannan hanyar, kuma duk da kyakkyawar niyya suka fara.

Don haka in ka je kantin magani, buɗe baki ka yi magana. Matambayi ba ya ɓata. Ka faɗi shekarunka, da ciwon da kake da shi, da magungunan da kake sha. Mai kantin ya ji irin wannan magana har ba ya ƙirgawa, ba zai ɗago kai ya kalle ka ba. Ka duba lambar NAFDAC a jikin kwali in a Najeriya kake, ka duba ranar da maganin zai lalace. Wanda ake tallarsa a faranti cikin rana, ka bar wa mai shi kayansa. Araha ba ta ado.

Wani abu kuma, ba kowane maganin cusawa ba ne na basir. Akwai na gilisarin, shi don taurin bayan gida aka yi shi. Akwai na diklofenak don ciwon jiki, da na farasitamol don zazzaɓin yara, da wanda mata ke sawa ta gaba. Dukansu siffa ɗaya. Kada ka karɓi ragowar na wani don ya ce ya yi masa aiki. Kuma ba a haɗiyarsa. Na faɗa ne don ana yi. Ka ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Sai maganar zafi, wadda ta shafe mu ƙwarai. Yawancin waɗannan magunguna an rubuta a jikinsu a ajiye su inda zafi bai wuce digiri 25 ba. Kai kuwa ka san Sakkwato da Maiduguri da Yamai a watan Afrilu, zafi yana haura 40. Direba zai saya da safe, ya ajiye a gaban mota, rana ta doke shi har la'asar. Da dare ya yage ledar, sai mai kawai ya malalo masa a yatsa, ya ce an sayar masa da jabu. Maganin lafiyarsa lau, rana ce ta narkar da shi. Ka ajiye naka a wuri mafi sanyi a ɗaki, gindin randa ma ya isa. In ka taɓa ka ji ya yi laushi, kada ka buɗe. Ka sa shi da ledarsa a firij ko cikin kofin ruwan sanyi na 'yan mintoci, zai sake daskarewa.

Yanzu yadda ake sawa. Ka saurara, don a nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. In kana jin bayan gida, fara zagawa tukuna. Ka yi tsarki da ruwa a hankali, ban da gurzawa, ka tsane wurin da ƙyalle mai laushi. Ka wanke hannu da sabulu, kuma farcenka ya zama a yanke. Ka cire ledar gaba ɗaya. Ka ɗan jiƙa kan maganin da ruwa don ya yi santsi. Sai ka kwanta a gefe ɗaya, ƙafar ƙasa a miƙe, ta sama ka naɗo gwiwar zuwa ciki. Ka ja numfashi ka saki jikinka. Ka tura shi a hankali, mai tsinin a gaba, kamar santimita 2 zuwa 3, har ka ji ya wuce inda ƙofa ke matsewa. In ka bar shi a baki-baki, zai dawo waje.

Kada ka zabura ka miƙe. Ka ɗan kwanta na wasu mintoci. Za ka ji kamar bayan gida ya taho, wannan ba komai, zai lafa. Ka yi ƙoƙari ka riƙe kamar awa ɗaya kafin ka sake zagawa, don maganin ya sami zama. Sannan ka sake wanke hannu. Galibi ana sa ɗaya da safe, ɗaya da dare, da kuma bayan an yi bayan gida, amma kowane kwali da ƙa'idarsa. Ka karanta takardar ciki, ko ka sa a karanta maka. Sa biyu a lokaci ɗaya ba ya gaggauta sauƙi. Sannu ba ta hana zuwa.

Maiƙon yana iya ɗan tsattsafowa ya ɓata wando. Ka sa auduga ko tsumma mai tsabta, ka ware wandon da za ka yi sallah da shi. In lokacin azumi ne, malamai sun yi saɓani a kan irin wannan magani. Mafi sauƙi ka sa shi bayan an sha ruwa, da kuma kafin alfijir ya keto. Abin da ya shige maka duhu ka tambayi malaminka, shi ma ba sabon abu ba ne a wurinsa.

To, ɗana, ga maganar da na fi so ka ji. Wannan magani ba ya cire basir. Sauƙi yake kawowa. Kamar kwano ne da ake tarawa a tsakar ɗaki in rufi yana yoyo. Yana hana katifa jiƙewa a daren nan, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Amma ba wanda ya taɓa gyara rufi da kwano. Likitoci ma sun san cewa sau da yawa maganin yakan zarce sama, ya wuce daidai inda basir ɗin yake. Shi ya sa in damuwarka ƙaiƙayi ce a bakin wurin, na shafawa ya fi kai wa ga ciwon. Abin da maganin ke ba ka shi ne mako guda na sauƙi. Me za ka yi da makon nan? Nan ne maganar take.

Tushen abin, a mafi yawan mutane, taurin bayan gida ne da yunƙuri. Ka dubi abin da kake ci. Da safe shayi da burodi. Da rana farar shinkafa da mai da yaji. Da dare taliyar leda da ƙwai, a kora da lemon kwalba. Babu ganye, babu dusa, babu abin da zai riƙe ruwa a hanji ya tausasa bayan gida. Likitoci suna so babban mutum ya sami giram 25 zuwa 30 na irin wannan abinci mai zare da dusa a kowace rana. Ba sai ka nemi sikeli ba. Allah ya wadata mu da shi a kasuwa, kuma da araha. Wake da alale. Kwaɗon zogale da na rama. Miyar kuka, miyar kuɓewa, miyar taushe da alayyafo da kabewa. Dambu mai ganye da yawa. Tuwon dawa da na gero da ba a surfe su har suka yi fari tas ba. Gwanda, goba, kankana, mangwaro, dabino. Lemon zaƙi kuma ka ci shi da totuwarsa, kada ka tsotse ruwan ka yar. Abincin da kakanninka suka ci ke nan, ba wani sabo na kawo maka ba.

Ka ƙara shi kaɗan-kaɗan, don in ka afka masa a rana ɗaya ciki zai cika da iska, ka ce bai karɓe ka ba. Kuma ruwa, ɗana, ruwa. Ganye ba tare da ruwa ba yana iya ƙara ɗaure ciki. Ka sha har fitsarinka ya yi haske. In da azumi kake, tsakanin magariba da sahur ka riƙa kurɓa a kai a kai. In duk da haka cikin bai saki ba, akwai abin tausasa bayan gida a kantin magani, irin su ruwan laktulos, ka tambaya a nuna maka.

Za ka ji ana cewa zaƙi ke kawo basir. Sukari da kansa ba ya kumbura jijiya, sai dai mai yawan shan zaƙi galibi shi ne mai ƙarancin cin ganye. Barkono ma ba shi ke haifar da shi ba. Amma in kana ji yana ƙara maka raɗaɗi wajen fita, rage shi. Jiki magayi.

Sai zaman banɗaki. In bayan gida ya taho, ka tashi ka je, kada ka ce sai ka gama ciniki. Duk wanda aka riƙe, hanji yana tsotse ruwansa ya ƙara tauri. In ka shiga kuma bai zo ba, kada ka tsaya kana nishi. Ka fito, zai dawo. Wayar nan taka kuma ka bar ta a waje. A shekarar 2025 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka sun duba mutum 125, suka ga haɗarin basir ga masu shiga banɗaki da waya ya fi na sauran da kashi 46 cikin ɗari. Binciken ƙarami ne, amma hankali ma ya yarda da shi. Mutum ya shiga don minti biyu, ya ɓige da kallon bidiyo, jini yana ta taruwa a ƙasa. Minti biyar ya ishi kowa. Masan tsuguno na gida ba abin rainawa ba ne, tsuguno yana sauƙaƙa fita. In na zama gare ka, ka sa ɗan kututture ko 'yar kujera ka ɗora ƙafafu.

In aikinka na zama ne, kan keken ɗinki ko sitiyari, ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa. In na ɗaukar kaya ne, kada ka riƙe numfashi kana ɗagawa. Kuma zan faɗa maka wannan ba don zargi ba: tiramadol da kodin suna ɗaure ciki tamau. Duk mai shan su don ƙarfin aiki, da wuya basir ɗinsa ya lafa. In ciwo ya dame ka, farasitamol ya fi dacewa. Asfirin da danginsa suna iya ƙara zubar jini. In kuwa likita ne ya ɗora ka a kan asfirin ko maganin tsinka jini, kada ka daina da kanka, ka koma ka gaya masa kana ganin jini.

Ruwan ɗumi yana taimakawa sosai. Ka zuba a baho ka zauna minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana. Ɗumi na ce, wanda gwiwar hannunka za ta iya jurewa. Kada ka zuba kanwa ko maganin wanke rauni. Man zafi kuma kada ya kusanci wurin.

Yanzu ka ba ni hankalinka duka. Ba kowane jini ba ne na basir. Wannan ita ce maganar da take hana ni barci idan na tuna da ku. Jinin basir ja ne wur, yana zuwa a ƙarshe ko a saman bayan gida. In ka ga jini ya cakuɗe da bayan gidan, ko ya yi duhu, ko akwai majina a ciki, wani abu ne daban. In bayan gidan ya yi baƙi ƙirin mai danƙo da mugun wari, jini ne daga can sama, kuma asibiti ake zuwa a ranar. In kana ramewa ba dalili, ko yanayin bayan gidanka ya canza har mako 3, yau gudawa gobe tauri, kada ka tsaya. In ka haura shekara 40 ka fara ganin jini, ko a danginku an taɓa samun mai sankarar hanji, ko da ɗigo ɗaya ne a duba ka. Atini yana kawo jini. Tsargiya ma tana iya kawowa ga masu shiga rafi da fadama. Sankarar hanji kuwa ta iya ɓuya a bayan basir, har mutum yana iya samun duka biyun a lokaci ɗaya.

Kada ka ce ai kai yaro ne. Ɗan wasan nan na Amurka, Chadwick Boseman, sankarar hanji ce ta yi ajalinsa a 2020, yana da shekara 43. A ƙasarsu ma, tun 2021 aka rage shekarun fara gwajin wannan cuta daga 50 zuwa 45. Ita sankarar hanji, in aka gano ta da wuri ana yin aiki a warke da yardar Allah. Abin da ke ba ni tausayi shi ne mutumin da ya shekara yana sayen kwali bayan kwali, jinin yana ɗaukewa yana dawowa, shi kuma yana cewa basir ɗinsa ne. Ranar da ya isa asibiti, an riga an makara. Maganin bai cuce shi ba. Ya dai samar masa wurin ɓuya, shi kuma ya daɗe a ciki.

Ko da basir ɗin ne da gaske, jinin da ke ɗiga kullum yana ƙarar da mutum a hankali. Ka fara jin jiri, ka hau 'yar matakala kana haki, tafin hannunka ya yi fari fat. Wannan ƙarancin jini ne, a auna ka. In kuma zafi ne mai tsanani lokacin fita, mai yanka, wanda ke daɗewa bayan ka gama, wataƙila tsagewa ce, kuma maganinta daban. In ƙullutu ne mai tauri ya fito maka dare ɗaya ya hana ka zama, jini ne ya daskare a basir na waje, an fi iya taimakonsa cikin kwana 3 na farko. In da zazzaɓi da mugunya, ƙurji ne, sai an fasa. In ya fito ya ƙi komawa ya fara yin baƙi, ko jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, ko tsakar dare ne a tafi.

Na san abin da kake ji a tasha da bakin kasuwa. Mota da lasifika, ana jero cututtuka: ciwon baya basir, kasala basir, raunin mazakuta basir, duk gora ɗaya za ta kore su. Ban raina maganin gargajiya ba, da shi aka raine mu. Amma wanda bai duba ka ba, bai san abin da ke damunka ba. Da yawa daga irin waɗannan haɗe-haɗe gudawa kawai suke sawa, mutum ya ce ciwo ne ke fita, alhali yawan gudawa ma yana tayar da basir. Wasu kuma ba a san abin da aka zuba a ciki ba, ƙoda da hanta ke ɗaukar nauyin. Shi raunin mazakuta da ake jingina wa basir, sau da yawa sukari ne ko hawan jini ko damuwa. Ka je a auna ka, ka san gaskiyar jikinka.

Abu ɗaya kuma nake roƙonka da girman Allah. Kada ka bari a yanke maka shi a gida, ko a ƙona, ko a ɗaure da zare, ko a sa masa wani abu mai ci. Wurin jijiyoyin jini ne, ana iya zubar da jini har a rasa rai. In aka taɓa naman da ke riƙe ƙofa, mutum zai ƙare rayuwarsa ba ya iya riƙe bayan gida. In kuma tabo ya tsuke wurin, fita ta zama azaba kullum. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Asibitin da kake tsoro, bari in gaya maka abin da ake yi. Likita zai tambaye ka, ya sa ka kwanta a gefe, a rufa maka zane. Ya sa safar hannu ya duba da yatsa, wataƙila ya leƙa da wani ɗan gajeren bututu. 'Yan mintoci ne an gama. Kana iya neman namiji ɗan'uwanka ya duba ka, mace ma tana iya neman mace. In ya ga da buƙatar a leƙa hanji gaba ɗaya da na'ura, zai tura ka babban asibiti, irin su na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na koyarwa da ke Sakkwato da Maiduguri. Kuma ba kowane basir ake yi wa tiyata ba. Akwai dabarar da wani likita mai suna Barron ya yaɗa tun 1963: a maƙala ɗan zoben roba a gindin basir ɗin, jini ya daina isa gare shi, cikin kamar mako guda ya bushe ya faɗi. Ba a kwantar da mutum, ranar yake komawa gida. Tiyatar ma tsohuwar hanya ce da aka sani sarai, tun 1937 likitoci biyu, Milligan da Morgan, suka tsara ta a Landan, kuma galibi sai wanda nasa ya kai mataki na uku ko na huɗu ake yi wa.

In iyalinka ce ke fama da shi da juna biyu, ka tausaya mata. Nauyin ciki ne ke danne jijiyoyi, ƙwayar ƙarin jini da ake ba su a awo ma tana ɗaure ciki, tana kuma sa bayan gida ya yi baƙi. Kada ta daina shan ta, kuma kada ka sayo mata na cusawa da kanka, musamman mai HC. Ta faɗa wa malamar awo, su suka san wanda ya dace da mai ciki da mai shayarwa. Sau da yawa bayan haihuwa yana lafawa. Yaro ƙarami kuwa, in ka ga jan nama ya fito masa, galibi fitar baya ce bayan doguwar gudawa ko tamowa. Ba a sa masa maganin manya, asibiti ake kai shi.

Saboda haka, ɗana, yi amfani da maganinka yadda na nuna maka, Allah ya sa a dace. Ka rubuta ranar da ka fara a jikin kwalin. In kwana 7 suka cika jini bai ɗauke ba, ko ya ɗauke ya dawo, kada ka sayi kwali na biyu. Ka ɗauki na farkon ka sa a aljihu, ka tafi asibiti da sassafe ka nuna wa likita abin da ka sa. In kunya ta hana ka tafiya kai kaɗai, ka kira wani babba a gidanku ya raka ka. Allah ya ba ka lafiya.